Badi'a da Ƙofa ta Huɗu

Ranar Litinin, 6 ga Maris, 2023, da ƙarfe takwas saura kwata na safe, Malam Jibirin ya fara ganin Badi'a Zailani. Ya zo buɗe ɗakin kati na Asibitin Gwamma da ke Gwarzo, kamar yadda ya saba yi shekara goma sha tara, sai ya tarar da wata mace durƙushe a bakin ƙofar da ke kusa da tasa. Ta cire takalmanta ta jera a gefe, tana haska ƙasan ƙofar da fitilar waya. Ya yi sallama ta amsa, suka gaisa har kan iyali da gajiya, tana nan a durƙushe. Da ya tambaye ta ko wani abu ta yar, sai ta ce a'a, so take ta gani ko ɓera zai iya wucewa ta nan. Ya ce mata zai iya, har da iyalinsa. Ta ce to, aikin farko ya samu.

Ita ce sabuwar ma'aikaciyar da aka ɗauka don kula da abin da ke cikin ɗakin. Wata na'ura ce mai tsayin firji, wadda wata ƙungiya ta bai wa asibitin kyauta a 2021, kuma a cikinta ake ajiye katin kowane majinyaci, da hoton ƙirji, da sakamakon gwajin jini, na Gwarzo da na reshen asibitin da ke Kabo. Ma'aikata suna kiran ta Rumbu. Malam Jibirin ne ya kwashe wata goma sha huɗu yana juye tsofaffin katuna a cikinta ɗaya bayan ɗaya, don haka ko tari ta yi sai ya leƙo.

Badi'a 'yar Gude ce, shekarunta talatin da ɗaya a lokacin. Mahaifinta malamin zaure ne, yana karantar da fiƙihu ga magidanta bayan asuba, ita kuma ta tashi tana jin karatun ta bayan katanga tana wanke-wanke. Ta yi karatun kwamfuta a wata kwaleji a Kano, ta auri Tasi'u, malamin firamare a Kabo, suna da 'ya'ya biyu. Kullum motar farko take shiga zuwa Gwarzo, jakarta ɗauke da filaya, da abin matse kan kebul, da ƙullin gyaɗa soyayya wadda ba ta taɓa ci ita kaɗai ba. Ba a shiga ɗakin Rumbu da takalmi. Har likita sai ya cire. A makonta na farko ta bi kowane kebul da hannu daga wannan kai zuwa wancan, ta liƙa masa suna a duka ɓangarorin biyu. Malam Jibirin ya ƙirga, kebul arba'in da uku. Daga ranar ya san za su shirya.

Shi ne ya kawo shawarar a buɗe littafi na musamman don ɗakin, ta yarda da sharaɗin shi zai riƙa rubutawa, domin a cewarta rubutunta kamar kaza ta taka tawada yake. Duk abin da aka taɓa sai an rubuta rana da lokaci da wanda ya taɓa. Tana kiran sa Baba Jibirin, shi kuma yana ce mata 'Yar Gude, in kuma ta gyara masa firinta sai ta zama Injiniya har zuwa azahar.

A hankali ta koya masa yadda abin yake. Rumbu kawuna biyu gare shi, na sama da na ƙasa, kowanne da ƙofofi huɗu a baya inda ake soka kebul. Ƙofofi uku na farko suna haɗe da layin asibiti, wanda ya ratsa ɗakin likita, da kantin magani, da eriyar da ke kai saƙo Kabo. Ta huɗun kuwa ba ta zuwa ko'ina sai wani ɗan akwati a kan teburin Badi'a. Ta nan ake duba lafiyar na'urar, ta nan kuma take aiko mata saƙo a waya in wani abu ya same ta. Kwamfutocin asibiti ba su san ƙofa ba, adireshi ɗaya suka sani. Adireshin yana zaune a ƙofar farko ta kan sama. In ƙofar ta mutu, ko kan gaba ɗaya ya tsaya, sai adireshin ya tashi da kansa ya koma ƙofa ta gaba a wani jeri da aka rubuta wa na'urar tun farko, aiki ya ci gaba ba wanda ya sani. Badi'a tana kiran wannan jeri jerin magada. Malam Jibirin ya ce abin ya yi masa, domin yana son duk wani tsari da ya san wanda zai biyo bayan wani.

Wanda ya rubuta jerin shi ne Injiniya Baƙo. Shi ya kafa Rumbu, shi ya koyar da Badi'a a kwaleji, shi kuma ya kawo sunanta asibitin ya ce a ɗauke ta a kan amanarsa. Ya yi ritaya ya koma gida Getso yana noma, amma mai asibitin bai yarda da kowa ba sai shi, don haka babbar kalmar sirri tana hannunsa shi kaɗai. Wadda aka ba Badi'a ta dubawa ce kawai: tana ganin komai, ba ta iya canza komai. Ciwon suga ya taɓa idanun Injiniya, abin da kowa ya sani kuma ba mai faɗa a gabansa. Manajan asibitin, Abdulnasir, ya daɗe yana cewa lokaci ya yi da za a sallami tsohon a kawo kamfani daga Kano. Hujja kawai yake jira.

Ranar Laraba, 9 ga Oktoba, 2024, takarda ta zo cewa kamfanin da ya sayar da na'urar zai turo mutum ranar Talata 22 ga wata ya canza wani batir a kan sama, kuma za a kashe kan na kimanin awa huɗu. Badi'a ta zauna duba saitin don ta tabbata kan ƙasa zai karɓi aikin. Da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin ta leƙo ɗakin kati, ba gyaɗa a hannunta, ta ce Baba Jibirin ya zo ya ga wani abu.

Ta nuna masa jerin a allon kwamfuta. Kan sama ƙofa ta ɗaya, kan sama ƙofa ta biyu, sai kan ƙasa ƙofa ta huɗu, sannan kan ƙasa ƙofa ta ɗaya. Ya karanta sau biyu kafin ya gane. In aka kashe kan sama, adireshin zai sauka a ƙofa ta huɗu, ya tarar da ita da rai, ya zauna abinsa. Fitila za ta nuna kore, na'ura za ta ce lafiya lau, amma daga Gwarzo har Kabo ba wanda zai iya buɗe katin majinyaci ko ɗaya. Shekara uku abin yana nan, Allah ne ya sa kan sama bai taɓa tsayawa ba.

Malam Jibirin ya buɗe littafi ya cire murfin biro. Ta ɗora hannu a kan shafin.

"Baba Jibirin, littafin nan Manaja yana karantawa duk Juma'a."

"Ni dai ban taɓa ganin abu na ƙi rubutawa ba, 'Yar Gude."

"Ban ce ka ƙi ba. Ka bar layin a buɗe, ka ba ni kwana goma."

Ya fahimci abin da take gudu. In ta kai rahoto, Abdulnasir zai ɗauki takardar ya kai wa mai asibiti, a ce idon Injiniya ya mutu tun ranar da ya kafa na'urar, kuma ɗalibar da ya kawo da hannunsa ce ta tona. In ta yi shiru, mutumin kamfani zai gani ranar Talata ya rubuta a nasa rahoton, wanda ya fi muni. Gyaran kuwa sai da kalmar sirrin da ke Getso. Ya ce mata ta buga wa Injiniya waya ta faɗa masa kawai. Ta dube shi kamar ya ce ta shiga masallaci da takalmi, ta ce bakinta ba zai iya ce wa Malam ya yi kuskure ba, ko a waya ko a fili.

Ya rubuta rana da lokaci, ya bar sauran layin fari. Wannan farin layi ya dame shi fiye da ciwon haƙori. Ranar Juma'a da Manaja ya tambaya, ya ce masa ana kan bincike, kuma gaskiya ya faɗa.

Badi'a ba ta zauna haka ba. Ta naɗa jan tef a kebul ɗin ƙofa ta huɗu ta kan ƙasa, ta nuna wa Malam Jibirin da ma'aikaciyar jinya mai kwana cewa in kati ya ƙi buɗewa, su zare wannan kebul kaɗai, adireshin zai tsallaka zuwa ƙofa ta gaba. Ta fasa zuwa bikin ƙanwar mijinta a Zariya don kada ta yi nisa, ta sha gorin dangi a kai. Sau biyu ta buga wa Injiniya waya, sau biyu suka ƙare a gaisuwa da labarin wake. A ta ukun ta ce masa tana so ta zo ta biya masa saitin Rumbu kafin mutumin kamfani ya zo, don ta ƙara fahimta. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ta zo ranar Asabar.

A mota, kan hanyar Getso, Malam Jibirin yana riƙe da shafi shida da ta buga a firintarsa, ta gaya masa abin da za ta yi. Ta ce a zauren mahaifinta, in malam ya yi tuntuɓe a fassara, ɗalibi ba ya gyara masa. Sai ya tsaya kamar shi ne ya ɓata, ya koma baya ya sake karanto layin, ya sake, har malamin ya ji da kunnensa ya gyara da bakinsa. Ta ce ta ga wani magidanci ya maimaita layi ɗaya sau biyar a gaban babanta. Malam Jibirin ya tambaya in Injiniya bai ji ba fa. Ta ce sai ta yi ta maimaitawa har magariba.

Sun tarar da shi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, an shanya wake a kan tabarmi, yana sanye da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Dogon mutum ne mai son raha. Ya tambayi Malam Jibirin ko har yanzu yana rubuta lokacin da ya yi atishawa, Malam Jibirin ya ce sai in a bakin aiki ne. Matarsa Hajiya Yelwa ta aiko da kunun gyaɗa da dafaffiyar masara. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi lafiyar mahaifinta Malam Zailani da ƙafarsa, aka tambayi yara. Sannan Badi'a ta sauka daga kan benci ta zauna a gefen tabarma, ta karɓi takardun, ta yi bisimilla ta fara.

Injiniya ya jingina da kujera ya rufe ido. Tana karanto sunan kowace ƙofa da saurinta da layin da take kai, yana gyaɗa kai, wani lokaci ya tsayar da ita ya ba da labarin yadda suka ɗauko na'urar daga Kano a bayan akori-kura, an lulluɓe ta da katifa. A shafi na biyu ya tambaye ta dalilin da ya sa aka haɗa ƙofa biyu suka zama ɗaya a layin hotuna, ta ba shi amsa, ya juya ya ce wa Malam Jibirin a ajinsu su sittin ita kaɗai ce take tambayar da ke hana shi cin abincin rana.

Jerin magada yana shafi na huɗu, layi na goma sha bakwai. Malam Jibirin ya san wurin, domin ya sa masa ɗigo da fensir. Ta karanta shi da murya ɗaya da sauran. Injiniya ya gyaɗa kai ya ce ta ci gaba.

Sai ta ce, "Malam, na ɓata. Bari in koma."

Ta koma layi na goma sha biyar, ta gangaro, ta sake karanta na sha bakwai, a hankali wannan karon. Wata akuya ta nufo waken, Injiniya ya buɗe ido ya daka mata tsawa, ya ce da Badi'a yana jin ta, ta ci gaba. Malam Jibirin ya ajiye masarar da ke hannunsa.

"Afuwa, Malam, idona ne yake tsallake layi. Kan sama, ƙofa ta ɗaya. Kan sama, ƙofa ta biyu. Kan ƙasa, ƙofa ta huɗu."

"Tsaya."

Ta tsaya.

"Ta nawa kika ce?"

"Ta huɗu, Malam."

Ya miƙo hannu ta ba shi takardar. Ya kai ta dab da hancinsa, ya ɗaga tabarau, ya mayar, ya daɗe yana dubawa. Ana jin Hajiya Yelwa tana daka a cikin gida. Da ya sauke takardar bai dubi Badi'a ba, Malam Jibirin ya duba.

"Jibirin, kai ba ka iya ƙarya ba. Tun yaushe ta sani?"

Malam Jibirin ya so ya ce bai riƙe ba, amma bakinsa ya riga shi. "Laraba, tara ga wata, sha ɗaya da minti ashirin."

Injiniya ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ya ƙirga da yatsu, ya ce kwana goma ke nan. Sai ya juya gare ta, kuma Malam Jibirin bai taɓa jin ya yi mata magana da irin wannan murya ba. Ya tambaye ta da kan sama ya mutu a kwana goman nan, mai naƙuda tana kwance a Kabo ana neman katinta a san jininta, me za ta ce. Ta gaya masa maganar jan tef, kanta a ƙasa. Ya ce tef ba gyara ba ne, kuma mai kwana tana iya ruɗewa ta zare wani kebul ɗin. Ya ce kunyarsa da ta ji ya gode, amma ba da kunya ya koyar da ita ba.

"Badi'atu, in kin ƙara ganin irin wannan, ki bugo ki ce, Malam ka yi kuskure. Faɗi in ji."

"Ba zan iya ba, Malam."

"To ki ba Jibirin wayar ya faɗa. Shi har minti zai gaya mini."

Nan aka yi dariya, har ita, tana share ido da gefen hijabi. Injiniya ya ce ya tuna ranar da ya rubuta jerin: hasken allon yana yi masa rawa, ya ɗauka ɗaya ya zaɓa, bai kuma kira kowa ya duba masa ba don kada a ce ya tsufa. Ya karɓi biron Malam Jibirin ya rubuta babbar kalmar sirri da manyan baƙaƙe a bayan shafi na shida, ya ninke ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce ta shiga da ita ranar Litinin ta gyara, ta cire ƙofa ta huɗu daga jerin gaba ɗaya, ta gwada da rana tsaka kowa yana gani, sannan ta canza kalmar zuwa wadda shi bai sani ba. Mai asibiti kuwa shi zai kira shi da kansa a daren nan ya gaya masa komai, tun kafin wani ya riga shi. Suka taso da buhun wake rabi wanda Hajiya Yelwa ta ce ba a mayar mata.

Ranar Litinin 21 ga wata, da ƙarfe goma, Badi'a ta gyara jerin: kan sama ɗaya da biyu, kan ƙasa ɗaya da biyu. Gyaran bai kai minti uku ba. Ta sanar da likita da kantin magani, ta buga wa reshen Kabo ta ce su buɗe kati su riƙe waya a kunne. Manaja ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da safa. Ta zare kebul na farko, adireshin ya koma ƙofa ta biyu. Ta zare na biyu, Malam Jibirin yana duban agogo. Daƙiƙa goma sha ɗaya allon ya tsaya cik, sannan matar da ke Kabo ta ce kati ya buɗe. Ta mayar da kebul ɗin, ta dawo da adireshin gidansa, ta sake gwadawa sau biyu. Washegari mutumin kamfani ya kashe kan sama awa uku da minti arba'in, aka ga majinyata tamanin da shida a Gwarzo da Kabo, ba wanda ya san an kashe wani abu.

Abdulnasir ya nemi a rubuta masa wanda ya yi kuskuren. Mai asibiti ya ce ya riga ya ji daga bakin mai shi, maganar ta ƙare. A littafin ɗakin Rumbu, Malam Jibirin ya rubuta cewa Badi'a Zailani ta ga kuskure a jerin magada ranar 9, Injiniya Baƙo ya tabbatar da shi a Getso ranar 19 ya ba da umarnin gyara, an gyara an gwada ranar 21. Badi'a ta roƙe shi ya cire sunanta daga layin farko. Ya ce biro ne, ba ya gogewa.

Ba a kawo kamfani daga Kano ba. A Janairun 2025 aka naɗa Badi'a mai kula da na'urorin asibitin gaba ɗaya, Gwarzo da Kabo, kuma an ajiye kalmar sirrin a rufaffen ambulan a ofishin mai asibiti bisa shawararta. Tana gwada Rumbu Talatar farko ta kowane wata da ƙarfe goma na safe. An yi wa Injiniya Baƙo aikin ido ɗaya a watan Mayu, yana ganin manyan rubutu, ya ce ƙananan sun ishe shi haka. Badi'a ta haifi ɗanta na uku a watan Agusta, ta dawo aiki a Nuwamba, tana nan a Kabo da iyalinta, tana shiga motar farko.